Schefferville: ƙauyen tama da babu hanyar mota zuwa cikinsa

Schefferville wani ɗan ƙaramin gari ne a can ƙuryar arewa maso gabashin lardin Quebec na ƙasar Kanada, a gaɓar tafkin Knob, dab da iyakar yankin Labrador. Har yau babu titin da ya haɗa shi da sauran ƙasar. Mai son zuwa sai dai ya hau jirgin sama, ko ya shiga jirgin ƙasa daga Sept-Îles, tashar ruwa da ke kudu, tafiyar fiye da kilomita 570 wadda kan cinye yini guda.

Ƙasar wurin duwatsu ce da tafkuna da gajerun itatuwa, ba ta nomuwa. Sanyin watan Janairu kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, ƙanƙara kuma kan rufe ƙasa fiye da rabin shekara. Kusan duk abin da za a ci daga kudu ake kawo shi, don haka tsadar kaya a can ba a magana. Arzikin wurin yana ƙarƙashin ƙasa, a wani dogon zirin dutse mai ɗauke da tama da ya ratsa Quebec da Labrador.

Tun a ƙarni na 19 wani limamin mishan, Louis Babel, ya ba da labarin tamar, daga baya masanin duwatsu A. P. Low ya tabbatar da ita, amma nisa ya hana a taɓa ta. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da masana'antun ƙarfen Amurka suka shiga neman sabuwar tama, aka kafa kamfanin Iron Ore Company of Canada a 1949. Kamfanin ya shimfiɗa layin dogo ta cikin daji, yana jigilar ma'aikata da kayan aiki ta jirgin sama, aka fitar da kayan farko a 1954. Garin ya ci sunan Bishop Lionel Scheffer. Kamfanin ne ya gina gidaje da wuraren shaƙatawa, har jama'a suka kai kimanin 5,000. A nan ne Firimiyan Quebec Maurice Duplessis ya rasu a Satumban 1959, yana tsakiyar ziyara.

Daɗin bai kai shekara 30 ba. Kasuwar ƙarfe ta faɗi, tamar Brazil da Ostireliya ta fi araha, kamfanin kuma ya fi samun riba a Labrador City da ke kudu. A 1982 ya sanar da rufe ma'adinan. Shugabansa a lokacin shi ne Brian Mulroney, wanda ya zama Firayim Ministan Kanada a 1984. Abin mamaki, mazaɓar da ya wakilta a majalisa ta haɗa da garin da ya rufe. Ma'aikata suka watse, aka rushe gidaje masu yawa, a 1986 har aka soke matsayin garin a hukumance kafin a mayar masa a 1990. Mazaunansa yanzu 'yan ɗaruruwa ne.

Waɗanda suka zauna daram su ne 'yan asalin yankin, waɗanda a zamanin kamfani aka ajiye su a gefen gari. Al'ummar Innu na zaune a Matimekush-Lac John, jikin garin. 'Yan Naskapi, da suka taso daga Fort Chimo a 1956, sun sa hannu a yarjejeniya da gwamnati a 1978, suka gina ƙauyensu na Kawawachikamach kimanin kilomita 15 daga nan. Yawansu a yau ya ninka na mutanen garin sau da dama.

Farautar karibu, wata irin barewar ƙasashen sanyi, ta ɗan riƙe garin bayan tafiyar kamfani, sai dai garken ya ragu ƙwarai daga dubban ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai, aka hana farautar baƙi. Haƙar tama ta dawo a ƙaramin mataki bayan 2010, ciki har da aikin kamfanin Tata Steel na Indiya. Shi kuwa sashen arewa na layin dogon, tun 2005 yana hannun Tshiuetin, kamfanin da Innu da Naskapi suka mallaka, wanda sunansa ke nufin iskar arewa.