Hanyar Santiyago da Waɗanda Suka Share Ta

 Yau za mu kai ku arewacin ƙasar Sifen, wadda Littafi Mai Tsarki ya kira Asbaniya, ƙasar da Manzo Bulus ya yi marmarin zuwa kamar yadda ya gaya wa Romawa a sura 15. A can akwai wata tsohuwar hanya wadda mutane suke bi da ƙafa lokacin hutunsu, jaka a baya, sanda a hannu, har su kai birnin Santiyago de Compostela. Wanda ya tashi daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port, a gindin duwatsun Pyrenees ta wajen Faransa, yana da kilomita wajen 780 a gabansa, watau tafiyar wata ɗaya ko fiye. A shekara ta 2024 mutane kusan 500,000 ne suka karɓi takardar shaida cewa sun isa. Waɗansu ibada ce ta kai su, waɗansu kuwa shan iska da kallon ƙasa kawai.

Ma'anar sunan Santiyago ita ce Yakubu mai tsarki, watau Yakubu ɗan Zabadi, ɗan'uwan Yohanna. Abin da muka sani tabbas game da ƙarshen ransa yana cikin Ayyukan Manzanni sura 12, inda sarki Hirudus ya sa aka kashe shi da takobi, wajen shekara ta 44. Littafi Mai Tsarki bai faɗi inda aka binne shi ba, bai kuma ce ya taɓa taka Asbaniya ba. Sai bayan shekara fiye da 500 aka fara rubuta cewa ya yi wa'azi a can, daga baya kuma aka ƙara da cewa almajiransa sun sa gawarsa cikin jirgin ruwa sun kawo ta gaɓar Galisiya, a kusurwar arewa maso yamma ta Sifen. A farkon ƙarni na 9, in ji labarin, wani mai zaman kaɗaici domin addu'a, sunansa Pelayo, ya ga haske da dare a cikin daji, ya kai wa bishop Teodomiro labari. Da aka bincika sai aka sami wani tsohon kabari, bishop kuwa ya ce na Yakubu ne. Sarki Alfonso na 2 ya gina ƙaramar majami'a a wurin. Ba za mu ɓoye muku ba, babu wata shaida da ta tabbatar ƙasusuwan nan na Yakubu ne. Amma mutanen zamanin sun gaskata, ƙafafu kuma suka fara nufar wurin.

Wajen shekara ta 950 bishop na Le Puy a Faransa, Godescalc, ya zo da jama'arsa. A 997 Al-Mansur, wanda yake riƙe da mulki a Kordoba ta kudu, ya ci garin da yaƙi ya rushe majami'ar, amma bai taɓa kabarin ba. Ƙararrawan majami'ar ya sa fursunoni suka ɗauka har Kordoba, ba su komo ba sai bayan da sarki Fernando na 3 ya ci Kordoba a 1236. Babbar majami'ar da take tsaye yau an fara gininta a 1075, aka keɓe ta a 1211.

Kada mu ɗauka tafiyar zamanin nan hutu ce. Wajen shekara ta 1140 aka harhaɗa wani littafi da ake kira Codex Calixtinus, wanda sashensa na biyar jagora ne ga matafiya, zango bayan zango. Marubucin Bafaranshe ne, ba ya kuwa rufa wa kowa asiri. Ya ba da labarin masu fito waɗanda suke cika jirgi fiye da kima har ya kife, da masu karɓar kuɗin hanya da suke tare baƙo da kulake su karɓi ninkin abin da ya wajaba. Ya kuma ce akwai wani rafi mai gishiri a Nabara inda ya tarar da mutum biyu zaune suna wasa wuƙaƙe. Suka ce masa ruwan yana da kyau, dawakinsu suka sha, biyu suka mutu nan take, mutanen suka feɗe su a gaban idonsa. Gaskiya ne ba ya ƙaunar mutanen Nabara, don haka sai a rage wa maganarsa gishiri, amma haɗarin hanya ba ƙage ba ne.

A ganinmu, a nan ne ainihin tarihin hanyar yake. Kabari shi kaɗai ba ya ƙetarar da mutum kogi. Akwai wani mutum mai suna Domingo, wanda ya nemi shiga gidajen sufaye har biyu aka ƙi karɓarsa. Sai ya koma daji kusa da kogin Oja, inda ya riƙa ganin matafiya suna ɓata cikin kurmi, suna wahala a mashigi. Ya sare itatuwa, ya shimfiɗa hanya da duwatsu, ya gina gada, ya kuma buɗe masauki inda shi da kansa yake yi wa baƙi hidima. Ya rasu a 1109. Garin da ya tsiro a wurin har yau sunansa yake ɗauke da shi, Santo Domingo de la Calzada, watau Domingo na shimfiɗaɗɗiyar hanya. Almajirinsa Juan de Ortega ya ci gaba da aikin gadoji da masaukai. A Roncesvalles, bayan hawan duwatsun Pyrenees, akan kaɗa ƙararrawa lokacin hazo domin wanda ya ɓata ya bi ƙarar ya sami mafaka. A 1499 sarki Fernando da sarauniya Isabel suka ba da umarni a gina babban asibitin matafiya a gefen majami'ar Santiyago. Ginin yana nan, sai dai ya zama otel na masu hali.

Sa'an nan hanyar ta yi sanyi. Annoba da yaƙe-yaƙe sun rage jama'a, masu gyaran ikkilisiya kuma suka koyar cewa ba a samun gafara ta wurin tafiya. Martin Luther ya yi wa ziyarar ba'a, yana cewa ba wanda ya san ko ƙasusuwan wa ke kwance a wurin. A 1589, sa'ad da Francis Drake na Ingila ya kai hari a tashar A Coruña, babban bishop ya ɓoye ƙasusuwan, ɓoyewar da ta yi kyau har aka rasa inda suke kusan shekara 300. Sai a 1879 aka tono su, Paparoma Leo na 13 ya amince da su a 1884. Duk da haka ciyawa ta rufe wurare da yawa na hanyar, har a 1985 waɗanda suka karɓi takardar shaida ba su kai 1,000 ba.

Wanda ya sake buɗe ta wani fada ne na ƙauyen O Cebreiro, a kan tudu mai sanyi a ƙofar Galisiya, sunansa Elías Valiña. Ya yi nazarin tsofaffin takardu ya gano inda hanyar ta bi, sa'an nan wajen 1984 ya ɗauki gwangwanin fenti ruwan ɗorawa cikin ƙaramar motarsa, yana zana kibiya a kan duwatsu da itatuwa da bangon gidaje, tun daga iyakar Faransa. A 1987 Majalisar Turai ta ayyana hanyar a matsayin hanyar al'adu ta farko ta nahiyar, a 1993 kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya. A wannan shekarar mutane kusan 100,000 suka isa.

Mai tafiya a yau yana ratsa gonakin inabi na Rioja, ya ga babbar majami'ar Burgos, ya yi kwanaki a filin alkama inda inuwa take wuya, ya tsaya a León ya kalli tagogin gilashi masu launi. Bayan Astorga yakan ajiye ɗan dutsen da ya ɗauko daga gida a gindin wani gicciyen ƙarfe. Yana rataye da ɓawon wata halittar teku, alamar hanyar tun dā, da ƙaramin kati wanda ake buga wa hatimi a kowane zango. Kilomita 100 na ƙarshe da ƙafa sun isa a ba mutum takardar shaida, shi ya sa da yawa suke farawa daga Sarria, inda da rani akan yi rububin gado a masauki.

Fada Elías bai ga wannan taro ba, gama ya rasu a 1989. An binne shi cikin ƙaramar majami'ar O Cebreiro, masu sa kai kuma suna ta sabunta fentin kibiyoyin nan duk inda ruwan sama ya wanke.