Mai Gwaji Shi Ne Mai Gyara

A 1960 Birtaniya ta ƙirƙiro gwajin lafiyar mota, wato MOT: a duba birki, fitila da sitiyarin motar da ta kai shekara 10. A 1967 aka rage zuwa shekara 3. Sai dai garejin 'yan kasuwa aka damƙa wa aikin. Wanda zai ce motarka ta faɗi gwaji, shi zai karɓi kuɗin gyara. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Daga 2005 aka fara shigar da sakamakon a kwamfuta. Yau da lambar mota kaɗai muna ganin duk laifin da aka rubuta mata, mu nuna wa wani bakanike kafin mu biya. Abin da aka rubuta, shi ke kare aljihu da rai.