Sautin dijital mai babban inganci

Sautin dijital mai babban inganci suna ne da ake ba duk sautin da aka naɗa da ma'aunin da ya zarce na faifan CD. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a shekarar 1982, yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma kowane samfuri yana da bit 16. Tsare-tsaren babban inganci galibi suna amfani da bit 24 da samfuri 96,000 ko 192,000 a daƙiƙa. Na'urorin awo suna nuna bambancinsu da CD a fili, amma masana suna muhawara kan ko kunnen ɗan Adam yana iya jin wannan bambanci.

Ire-irensa

Akwai manyan hanyoyi biyu na naɗa sautin. Ta farko ita ce PCM, wadda CD da DVD-Audio suke amfani da ita, kuma ita ce ke cikin fayilolin WAV, FLAC da ALAC. FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, yana matse fayil ba tare da zubar da komai daga cikinsa ba. Ta biyu ita ce DSD, wadda ta zo da faifan SACD a 1999. Ita bit ɗaya tak take amfani da shi, amma tana ɗaukar samfuri 2,822,400 a daƙiƙa, wato ninki 64 na CD.

Abin da awo ke nunawa

Bisa ƙa'idar Nyquist da Shannon, mitar sauti mafi sama da tsari zai iya riƙewa ita ce rabin yawan samfurinsa. Don haka CD yana kaiwa kusan 22,050 Hz, tsarin samfuri 192,000 kuma 96,000 Hz. Sai dai kunnen matashi mai lafiya yana ji ne daga 20 zuwa kimanin 20,000 Hz, kuma iyakar tana raguwa da shekaru.

Yawan bit shi ke nuna tazara tsakanin sauti mafi ƙarfi da hayaniyar da ke ƙasa. Kowane bit yana ƙara kusan desibel 6, saboda haka bit 16 yana ba da kimanin desibel 96, bit 24 kuma 144 a lissafi. Wannan rarar tana da amfani a situdiyo lokacin naɗi da gyara, amma a ɗaki na yau da kullum ƙarar fanka kaɗai ta isa ta rufe ta. A DSD kuwa, awo yana nuna hayaniya mai yawa da aka tura sama da 20,000 Hz.

Farashin wannan ƙari shi ne girman fayil. Minti ɗaya na sautin CD da ba a matse ba kimanin megabayit 10 ne, na bit 24 da samfuri 192,000 kuma kusan megabayit 69.

Gwajin saurare

Mai saurare yakan ji abin da yake sa ran ji, musamman idan ya san wanne ne mai tsada. Shi ya sa ake amfani da gwajin ABX: ana kunna masa sauti A da sauti B, sannan a kunna X, wanda ɗaya ne daga cikinsu, ya faɗi wanne ne ba tare da shi ko mai gwajin sun sani ba. Dole a daidaita ƙarfin sautukan, domin wanda ya ɗan fi ƙarfi yakan zama kamar ya fi daɗi. Mai canki-canka zai dace a kusan rabin gwaje-gwajen.

A 2007, Brad Meyer da David Moran sun wallafa bincike a mujallar Audio Engineering Society, inda suka rage sautin SACD da DVD-Audio zuwa ma'aunin CD. Cikin gwaji 554, an dace sau 276, wato kashi 49.8 cikin ɗari, daidai da canki-canka. Masu suka sun ce wasu faya-fayan da aka yi amfani da su tun asali ba da babban inganci aka naɗa su ba.

A 2016, Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya haɗa sakamakon bincike 18 da suka ƙunshi mutane sama da 400. Ya gano an dace da kashi 52.3 cikin ɗari, kuma waɗanda aka horar sun kai kusan kashi 60. Wannan yana nuna akwai bambanci, amma ƙarami ne ƙwarai, kuma binciken bai nuna cewa masu sauraren sun fi son babban ingancin ba.

Matsalar kwatantawa

Sau da yawa kamfanoni suna sake tace waƙa kafin su sayar da ita a sabon tsari, don haka bambancin da ake ji yana iya fitowa daga aikin tacewar, ba daga tsarin ba. Akan kuma samu fayil da aka ɗaga daga CD zuwa manyan lambobi. Hoton mitocinsa yakan tona asirinsa, domin babu komai sama da 22,050 Hz. Kwatanci na gaskiya yana buƙatar a ɗauki asali guda, a rage shi zuwa ma'aunin CD, sannan a gwada su biyun da lasifika ɗaya.