Chichén Itzá

Chichén Itzá kufan wani babban birnin ƙabilar Maya ne a jihar Yucatán ta ƙasar Meksiko. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Fitaccen gininsa shi ne dalar El Castillo, mai matakala a ɓangarori huɗu, wadda aka hana hawa yanzu.

Yankin ba kogi, sai kwazazzaban ruwa da ake kira cenote, inda dutsen farar ƙasa ya rufta ya buɗe ruwan ƙarƙashin ƙasa. A Cenote Sagrado mutanen dā suka riƙa jefa wa Chaac, gunkin ruwan sama, zinariya da duwatsun ado, har da mutane. Ba a iyo a cikinsa. Masu son wanka sai su nufi Ik Kil da ke kusa, inda saiwoyi ke reto daga baki har ruwa.