Daga dutse zuwa zare: tarihin abin da ke bakin na'urar hoton ciki

Idan ka taɓa raka iyalinka awon ciki a Talata Mafara ko Gusau, ko kin taɓa kwanciya an yi miki sikanin, kun ga ɗan abin nan da ake gogawa a kan ciki bayan an shafa mai. A bakinsa akwai wani sinadari mai halin ban mamaki: in an matsa shi ya fitar da lantarki, in an ba shi lantarki ya motsa. Masana na kiran wannan hali fizo-lantarki, daga kalmar Girkanci mai nufin matsawa. Irinsa ne a cikin letar da kake dannawa ta yi ƙas ta kunna gas.

'Yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, su suka gano halin a Faransa a 1880, a jikin wasu duwatsu masu ƙyalli kamar kwatsa. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, Paul Langevin ya yi amfani da wannan dutse ya aika sauti cikin teku, ya saurari dawowarsa, don farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Daga nan dabarar ta koma masana'antu, ana neman tsaga a cikin ƙarfe. Irin wannan na'ura ta masu duba ƙarfe ce wani likitan mata a Gilasgo, Ian Donald, ya gwada a kan ƙarin da aka cire wa marasa lafiya. A 1958 shi da John MacVicar da injiniya Tom Brown suka wallafa sakamakonsu a mujallar Lancet. Hoton cikin da ake yi yau jikan wannan aiki ne.

A wancan lokacin dutse ya fara ba da wuri ga wani tangaran da ake kira PZT, wanda har gobe shi ne a mafi yawan na'urorin. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma yana da aibi. Ba ya lanƙwasa, fashewa yake. Sauti kuma ba ya wucewa cikin sauƙi daga jikinsa zuwa naman mutum, sai an yi masa shimfiɗu a gaba. Sannan fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Ɗan Zamfara ba sai an yi masa bayanin dalma ba, bayan ɗaruruwan yaran da ta kashe a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010. Kada hankalinka ya tashi: wadda ke cikin na'urar a rufe take, ba ta taɓa fata. Matsalar tana tasowa ne idan ana son saka abin a cikin jiki a bar shi.

Mafitar daga Japan ta ɓullo. A 1957 Eiichi Fukada da Iwao Yasuda sun nuna cewa ƙashi ma yana fitar da lantarki in an matsa shi. A 1969 kuma Heiji Kawai ya gano cewa wata roba mai suna PVDF, idan aka ja ta ta miƙe, aka bi ta da lantarki mai ƙarfi, ita ma tana samun halin. Ga laushi kamar leda, ba dalma, kuma sauti na ratsa ta kusan yadda yake ratsa ruwa da nama. Wajen aika sauti ba ta kama ƙafar tangaran ba, amma wajen saurare gwana ce. Shi ya sa da ita ake yin ma'aunin da ke tantance ƙarfin sautin na'urorin asibiti, kada ya wuce kima.

Wani abin dariya, robar ta riga ta shiga ɗakin tiyata ta wata ƙofar. Ana yin zaren ɗinki da ragar gyaran ƙaba da ita, saboda jiki na jure ta kuma ba ta saurin lalacewa, ba don lantarkinta ba.

Zare mai ji kuwa sai a 2010, lokacin da rukunin Yoel Fink na jami'ar MIT a Amurka suka narka dunƙulen roba da aka jera wa madugan lantarki, suka ja shi ya zama dogon zare. A 2022 suka saƙa irinsa a riga, ya ɗauki bugun zuciyar wanda ya sa ta, kuma suka ce wata rana zai iya sauraron zuciyar jaririn da ke ciki. Wasu masu bincike na gwada shi a bakin bututun da ake zurawa a jijiya, domin likita ya san ƙarfin da yake dannawa.

A ganina maganar zuciyar jariri ce ta fi shafar mu. Mace a ƙauyen Maradun ko Bakura, wadda hanya da rashin tsaro suka raba da asibiti, za ta amfana da ɗamarar da ungozoma za ta ɗaura mata ta ji halin da ɗan ke ciki. Sai dai wannan ɗamara ba ta fito kasuwa ba tukuna, kuma na ɗakin tiyata ma da sauransa. Robar na fara rasa halinta idan zafi ya haura digiri 80 zuwa 100, alhali tukunyar tururin da ake tsarkake kayan tiyata tana kai 121. Dole a tsarkake irin wannan kaya da iskar gas ta musamman, ko kuma a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar, kuma dukkansu biyun kuɗi ne.