Almajiri: ma'anar kalmar da asalinta

Yau in an ce almajiri, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne yaro da ƙoƙon bara. To, asalin kalmar ba haka yake ba.

Daga Larabci ta fito, "al-muhajir", wato wanda ya yi hijira, kamar sahabban da suka baro Makka zuwa Madina a shekarar 622. Bahaushe ya haɗe "al" ɗin da kalmar, yadda ya yi wa alƙali da albasa. Mace almajira, jam'i almajirai.

A Hausa, almajiri shi ne wanda ya bar garinsu ya je ya zauna gaban malami don neman ilimi, yana yi masa hidima, yana koyi da halinsa. Babu ruwan sunan da shekaru. Dattijo mai furfura kan ce "ni almajirin malam wane ne", kuma abin alfahari ne gare shi. A ɗariƙa kuwa, irin su Ƙadiriyya da Tijjaniyya, mabiyin shehi shi ake kira muridi.

Nan Agadas ma muna da misali babba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya zo garin nan ya yi karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Kun ga ke nan shi ma almajirci ya yi.

Bara dabam, almajirci dabam. Uban da zai tura ɗansa karatu, ya tabbatar ya san malamin, ya kuma san abin da yaron zai ci.