Asalin Goge Fentin Mota da Inji

Wani ɗan kasuwa ya aiko da wasiƙa cewa ƙaya ta karce masa a-kori-kura, shin inji zai share karcen?

To Malam, abin yana da tarihi. A farkon ƙera motoci, da burushi ake shafa fenti, a yi makonni ana jiran ya bushe. A 1924 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da motar Oakland da sabon fentin feshi, Duco, mai bushewa cikin sa'o'i, amma ba ya sheƙi sai an goge shi. Daga nan guga ta zama dole. Wajajen 1980 kuma aka koma shimfiɗa wani fenti garai-garai bisa launin, kaurinsa bai kai na takarda ba.

Shi inji ba ya cike karce, cin wannan shimfiɗa yake har ta daidaita da gindin karcen. Saboda haka ja farcenka a wurin. In bai maƙale ba, guga za ta yi. In ya maƙale, nemi mai fenti, don yawan guga zai cinye shimfiɗar, mota ta koɗe, farashinta ya faɗi.

Allah ya kiyaye hanya.